Labarin Dogon Dutsen Rum da Yadda Aka Ɗaga Shi

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa ganin ana ɗora jinka bisa ɗaki ya san hannu da yawa ma ba ya wadatarwa, sai da mutum guda wanda ake saurara wa, in ya ce a ɗaga a ɗaga, in ya ce a tsaya a tsaya. In babu shi sai jinkar ta karkace ta danne na gefe ɗaya. To, ga labarin wani aikin ɗaga kaya da aka yi a birnin Rum a shekarar 1586, wanda ya kamata kowane mai sa mutane aiki ya sani.

A birnin nan akwai wani dogon dutse ja, sassaƙaƙƙe, mai kusurwa huɗu da tsini a ka. Tsawonsa ya kai ƙafa 83, nauyinsa kuwa ya fi ton 300, kuma dutse guda ne, ba haɗi. Asalinsa daga Masar ne. Sarkin Rum Kaligula, wanda ya hau mulki a shekarar 37, shi ya sa aka ƙera jirgin ruwa musamman aka kawo shi, aka kafa shi a filin sukuwa. Nan ya tsaya wajen shekara 1,500, har gine-gine suka kewaye shi, ya zama yana lungu a gefen babbar majami'ar Bitrus. Da Paparoma Sistus na Biyar ya hau a 1585, sai ya ce lalle a ciro shi a kafa shi tsakiyar filin da ke gaban majami'ar, tafiyar wajen yadi 275.

Aka yi shela, masana gini suka taru, kowa ya kawo dabararsa. Wanda aka zaɓa shi ne Domeniko Fontana, mai shekara 42. Shi bai tsaya dogon bayani ba, sai ya kawo ɗan ƙaramin kwatancin hasumiyar katako da dutsen dalma a ciki, ya ja zare, ya ɗaga shi, ya kwantar, ya sake tayarwa a gaban mahukunta.

Abin da ya fara yi da aka ba shi aikin shi ne lissafi. Ya sa aka sassaƙo masa guntun dutse irin wannan, taƙi ɗaya ta kowane gefe, ya ɗora a ma'auni. Sa'an nan ya auna tsawon babban dutsen da faɗinsa, ya buga lissafi, ya sami laba 960,000 da 'yan kai, da awon Rum. Kana ya juya ga abin ɗagawa. A zamanin nan ba inji, sai wani irin turke mai juyawa, wanda ake soka wa dogayen sanduna, mutane da dawaki su yi ta kewayawa da shi, igiya tana naɗuwa a jikinsa. Fontana ya ƙayyade wa kowane turke laba 20,000. Turke 40 ke nan za su ɗauki 800,000. Abin da ya saura, har da nauyin katako da ƙarfen da za a ɗaure dutsen da su, ya bar wa manyan gungume biyar da za a yi banƙara da su daga ƙasa. Watau tun ba a ja igiya ko ɗaya ba, ya riga ya san rabon kowace.

Aka gina hasumiya ta manyan katakai ta rufe kan dutsen. Aka naɗe shi da tabarmi da alluna, aka ɗaure da ƙarafa, don kada ya tsage. Aka sa wa kowane turke lamba da shugabansa. Aka ajiye mutane da igiyoyi na ko-ta-kwana. Kafintocin da za su tsaya ƙarƙashin hasumiya suna cusa katako a gindin dutse duk sa'ad da ya ɗagu, aka sa musu hulunan ƙarfe saboda abin da zai faɗo daga sama. Aka kewaye filin da shinge, aka yi doka cewa wanda ya ƙetare shi hukuncinsa kisa, wanda ya yi surutu kuwa horo mai tsanani, shugaban 'yan doka yana tsaye da mutanensa. Dalilin shirun shi ne alama biyu kaɗai aka yarda da su: in an busa ƙaho kowa ya ja, in an buga ƙararrawa kowa ya tsaya cik.

Ran 30 ga Afrilu, 1586, mutum 907 da doki 75 suka kama wurarensu. Aka busa ƙaho, turaka suka juya, hasumiya ta yi ƙara kamar tsawa. Nan da nan Fontana ya sa aka buga ƙararrawa, aka bi ko'ina aka duba. Ashe ɗaya daga cikin ƙarafan da aka ɗaure dutsen ya tsinke. Ba a ci gaba ba sai da aka gyara. Haka aka yi ta yi, a ja, a tsaya, a duba, har sau 12, dutse ya rabu da gindinsa da wajen ƙafa biyu. Wuni guda ke nan a kan ƙafa biyu, amma sai da aka buga igwa don murna. Ran 7 ga Mayu aka kwantar da shi bisa gadon katako, daga baya aka gangara da shi bisa gungume ta wata hanya da aka cike da ƙasa. Aka dakata har zafin bazara ya wuce. Ran 10 ga Satumba aka koma da mutum 800 da doki 140, aka ja sau 52, kafin faɗuwar rana dutse ya miƙe tsaye. Yana nan a wurin har wa yau.

Mutanen Italiya suna ba da labari, wai ana cikin ja sai igiyoyi suka yi zafi za su tsinke, wani matuƙin jirgin ruwa ya karya dokar shiru ya yi ihu a zuba musu ruwa, aka zuba, aiki ya tsira, maimakon horo sai aka yi masa kyauta. Wannan ba ya cikin littafin da Fontana ya buga a 1590, inda ya bayyana aikin dalla-dalla, saboda haka ba a kafa hujja da shi. Amma ma'anarsa ta yi daidai da ƙa'idar masu wannan sana'a ta yanzu: umurnin ɗagawa daga mutum ɗaya yake fitowa, amma alamar tsayawa ko daga wa ta fito dole mai tuƙi ya bi.

Bayan Fontana abubuwa sun sake. A 1846 Wiliyam Amsturon ya kafa ƙugiya mai aiki da ƙarfin ruwa a bakin kogin Niyukasil ta Ingila, aka yi masu tururi, aka zo ga na mai da na lantarki. Yau mutum guda a zaune yana ɗaga abin da ɗaruruwa suka taru a kai. Duk da haka aikin da ke kansa shi ne na Fontana. Sai ya san nauyin kaya tukuna, ya duba takardar awon injinsa, gama gwargwadon nisan da hannun ƙugiya ya miƙa, gwargwadon raguwar abin da za ta iya ɗauka. Sai ya tabbata ƙasar da ya kafa ƙafafunta mai ƙarfi ce, ya bi igiyar ƙarfe ya ga ko ta fara tsintsinkewa, ya hana kowa tsayawa ƙarƙashin kaya, ya sa ido ga mai ba shi alama. In iska ta taso kuwa, a ajiye aiki a sauke hannun ƙugiya.

Abin da sakaci da wannan na ƙarshe ke jawowa an gan shi ran 11 ga Satumba, 2015, a Masallacin Harami na Makka. Hadari ya taso da iska mai ƙarfi, wata babbar ƙugiya da aka bari hannunta a miƙe sama ta kife cikin masallaci ana gab da aikin Hajji, mutum fiye da 100 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Saboda haka duk shugaban da aka damƙa wa aikin gada ko gini ko tonon rijiya, kada ya ga girman inji ya saki jiki. Ya tambaya wa ya auna kayan, wa ya duba igiya, wa zai ba da alama, kuma mai tuƙin nan ina ya koya. In mai tuƙi ya ce yau ba ta ɗaguwa, kada a matsa masa don ana sauri ko don babban baƙo yana tafe. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyashe mu da ganganci, amin.