Ƙwarin da Ke Kama Fatar Kifin Kiwo: Yadda Ake Gane Su da Yadda Ake Magance Su

Gabatarwa

Kamar yadda kaska da ƙuma da ƙwarƙwata suke addabar dabbobin gida, haka shi ma kifi yake da ƙwarin da ke maƙale masa a fata, da fukafukai, da kuma mashaƙar numfashi, wato jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kunnensa. Waɗannan ƙwari suna kama tarwaɗa da ƙarfasa a kwamin kiwo, suna kuma kama kifayen ado da ake ajiyewa a akwatin gilashi. Sun fi yi wa 'ya'yan kifi ɓarna, domin kwami guda yana iya ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Babbar ƙa'ida ita ce: a duba ruwa, a gane irin ƙwaron, sannan a sa magani.

Alamomin Farko

Mai kiwo ya tsaya ya lura da kifinsa kullum a lokacin ba da abinci. Alamomin da ke sa a yi zargin ƙwari su ne:

1. Kifi ya riƙa goga jikinsa a bango ko a ƙasan kwami.
2. Yauƙin jikinsa ya yi yawa, har fatar ta yi toka-toka.
3. Ya riƙa numfashi da sauri, ko kifaye su taru a bakin famfon da ruwa ke shigowa.
4. Ya naɗe fukafukansa, ya ware gefe guda, ya rage cin abinci.
5. A ga fararen ɗigo-ɗigo, ko jan tabo, ko wani abu kamar zare a jikinsa.

Sai dai lalacewar ruwa da ƙarancin iskar oksijin su ma suna kawo wasu daga cikin alamomin nan. Idan kifaye duka suka taso sama lokaci guda da asuba, sau da yawa laifin ruwa ne. Saboda haka matakin farko shi ne a sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a kwashe ragowar abinci, a rage ciyarwa, sannan a sake lura.

Ire-iren Ƙwarin

Ciwon farin ɗigo. Wata ƙanƙanuwar halitta ce ke kawo shi, wadda masana ke kira Ichthyophthirius multifiliis, kuma a Faransa aka ba ta wannan suna a shekarar 1876. Kifi yakan zama kamar an barbaɗa masa gishiri. Ƙwaron yana zama a ƙarƙashin fata, inda magani ba ya kai masa. Idan ya ƙosa sai ya faɗo ƙasan ruwa, ya rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su kuma su bazu neman wani kifin. A wannan lokaci na yawo ne kawai magani ke kashe su, shi ya sa sa magani sau ɗaya ba ya wadatarwa.

Trichodina. Ba a ganinsa da ido. Siffarsa kamar faifai take, yana yawo a kan fata da mashaƙar numfashi. Yana yawaita inda ruwa ya yi datti kuma kifi ya yi cunkoso.

Tsutsotsin fata da na mashaƙa. Na fata, Gyrodactylus, haihuwar 'ya'ya yake yi kai tsaye. Na mashaƙa, Dactylogyrus da danginsa, ƙwai suke sakawa, kuma yawancin magunguna ba sa kashe ƙwan, don haka dole a maimaita magani bayan ƙyanƙyasa.

Ƙwarƙwatar kifi da tsutsar ƙugiya. Waɗannan biyu ana ganinsu da ido. Ta farko, Argulus, shimfiɗaɗɗiya ce mai zagaye, tana huda fata tana tsotso. Ta biyu, Lernaea, takan kafa kanta cikin tsoka, sauran jikinta yana reto kamar zare. Ramin da suka bari yana zama ƙofar wasu cututtuka.

Tabbatar da Ciwo

Ƙananan ƙwari ba a rarrabe su sai da madubin likita. Jami'i yakan kankaro ɗan yauƙi daga jikin kifi mai rai, ya ɗora a gilashi da ɗigon ruwa, ya duba nan take. Don haka a kai kifi mai rai wanda ke nuna alama, tare da ruwan kwaminsa. Mataccen kifi ba ya da amfani a wannan bincike, domin ƙwarin suna barin gawa da wuri.

Magani da Ma'auni

Kafin a sa komai, a lissafa ruwan. A ninka tsawo da faɗi da zurfin ruwa a ma'aunin mita, sannan a ninka da 1,000. Kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1, yana ɗauke da lita 6,000.

Gishiri. Shi ne mafi sauƙi da aminci. Ana sa giram 2 zuwa 3 a kowace lita, a bar shi kwanaki. A kwamin da aka ambata, giram 2 a lita yana nufin kilo 12. A narkar da shi a bokiti tukuna, a zuba a hankali.

Fotasiyam famanganet. Wannan shi ne garin da ke mayar da ruwa shuɗi-ja. Ma'auninsa giram 2 a lita 1,000. Idan launin ya koma ruwan ƙasa kafin awa huɗu, dattin ruwa ne ya cinye maganin.

Fomalin. Ma'auninsa mililita 25 a lita 1,000. Yana rage iskar oksijin ƙwarai, musamman a lokacin zafi, kuma yana cutar da ido da hancin mutum. Kada a yi amfani da shi sai tare da jami'i, kuma a zubar da wanda farin gari ya kwanta a gindin kwalbarsa.

Firazikwantel shi ne maganin da aka fi dogara da shi ga tsutsotsin fata da na mashaƙa, bisa umarnin likitan dabbobi. Tsutsar ƙugiya da ƙwarƙwata kuwa, idan kifayen kaɗan ne, ana cire su da hantsaki.

Tarwaɗa ba ta da ɓawo, don haka magani ya fi saurin yi mata illa. A gwada a kan kifi kaɗan a baho kafin a sa wa kwami duka. A sa magani da safe, a tsaya a wurin, a kuma tanadi ruwa mai kyau don sauyawa idan kifi ya fara jirkicewa.

Abubuwan da Aka Hana

Kada a zuba maganin ƙwarin gona, irin su Gamalin ko Sniper, a ruwan kifi, domin guba ne ga kifi da mai cinsa. Kada a sa wa kifin ci koren rinin nan na malakayit, wanda Amurka da Tarayyar Turai suka haramta ga kifin abinci. Magungunan antibayotik ba sa kashe waɗannan ƙwari. Kada a haɗa magani biyu lokaci guda, kuma a sayi wanda ke da rajistar hukumar NAFDAC.

Kifin Ado

Masu kiwon kifin ado suna fama da ƙwari iri ɗaya. Misali shi ne kifin diskas, mai siffar faifai, wanda asalinsa kogin Amazon ne a Kudancin Amurka. Yana buƙatar ruwa mai ɗumin digiri 28 zuwa 30, kuma launinsa yakan yi duhu idan ba shi da lafiya. Tsutsar mashaƙa ta fi kashe ƙananansa, domin 'ya'yan suna cin yauƙin jikin iyayensu, ta nan kuma suke ɗaukar ƙwarin. Idan za a sa magani a akwatin gilashi, a cire gawayin matatar ruwa, don yana tsotse maganin.

Rigakafi

A keɓe sabon kifi na mako uku zuwa huɗu kafin a haɗa shi da na gida. Kowane kwami ya sami ragarsa da bokitinsa, a shanya su a rana bayan aiki. A sa raga a bakin mashigar ruwa don hana kifin rafi shigowa. Bayan an kwashe kifi, a busar da kwami har ƙasarsa ta tsage.

Inda Za a Nemi Taimako

Ana kira ga masu kiwo da su sanar da malamin gona ko sashen aikin gona na ƙaramar hukuma da zarar mace-mace sun fara. Jami'ai kuma su rubuta ranar da abin ya fara, da yawan kifin da ya mutu, da inda aka sayo 'ya'yan kifin, domin a gano ko daga maƙyanƙyasa guda ciwon ya bazu. Don ƙarin bincike akwai Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja.