Sauya tikitin jirgin sama ko karɓar kuɗinsa saboda rashin lafiya

Matafiya da dama daga Talata Mafara da Bakura da Maradun a Jihar Zamfara sukan hau jirgi ne a filin jirgin saman Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato, wasu kuma su zarce Kano. Ɗan kasuwa mai zuwa sari Legas, ko ma'aikaci mai taro a Abuja, ko mai niyyar Umara, yakan sayi tikiti tun da sauran kwanaki. Idan ciwo ya kwantar da shi kafin ranar tashi, makomar kuɗinsa ta dogara ne ga sharuɗɗan tikitin da kuma lokacin da ya sanar da kamfani.

Abin da doka ta tanada

Kashi na 19 na dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, wanda aka sabunta a 2023, shi ne ke kare haƙƙin fasinja. Idan kamfani ne ya soke tashin jirgin cikin gida, wajibi ne ya mayar da kuɗi nan take ga wanda ya biya hannu da hannu, ko cikin kwana 14 ga wanda ya biya ta banki. Amma idan fasinja ne ya fasa, ko da ciwo ne dalili, ana komawa ga sharuɗɗan da ya amince da su lokacin saye. Haka abin yake a Tarayyar Turai, inda doka mai lamba 261 ta 2004 ta tsaya kan jinkiri da soke tashi da hana fasinja hawa.

Ajin tikiti

Tikiti mafi araha galibi ba a mayar da kuɗinsa, sai dai a ɗage ranar tafiya bayan biyan tara da cikon bambancin farashi. Mai tsada yakan ba da damar sauyi ko karɓar kuɗi da ɗan ragi. Yawanci wa'adin tikiti shekara ɗaya ne, kuma ba a mayar da shi sunan wani, don haka ɗa ko ƙane ba zai iya tafiya a madadin majinyaci ba. Ko a tikiti mai araha, fasinja na iya neman kuɗin harajin da bai amfana da shi ba.

Matakan da ya kamata a bi

Na farko, a sanar da kamfani a rubuce kafin jirgi ya tashi. Wanda bai zo ba kuma bai sanar ba, ana cin sa tarar rashin halarta, kuma ana iya soke masa tikitin dawowa.

Na biyu, a samo takardar likita mai ɗauke da sunan majinyaci kamar yadda yake a tikiti, da kwanan wata, da hatimi, da bayanin cewa ba zai iya tafiya ba. Ana iya samunta a asibitin da aka duba shi, kamar Babban Asibitin Talata Mafara, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Kamfanoni da dama sukan yafe tara idan sun gamsu da ita.

Na uku, wanda ya saya ta hannun wakilin tafiye-tafiye, ta hannunsa zai bi, domin kamfani yakan mayar da kuɗi ta hanyar da suka shigo. A adana rasit da lambar rajistar tikiti.

Mai son tafiya duk da ciwo

Kamfani na da ikon hana mai cuta mai yaɗuwa hawa, irin su sanƙarau da ƙyanda. Wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ko mai buƙatar iskar numfashi, likitansa zai cike fom ɗin lafiya da ake kira MEDIF tun da wuri. Mai juna biyu kuwa, kamfanoni da yawa sukan nemi takardar likita daga mako 28, su daina ɗauka daga mako 36.

Kujerar Hajji

Maniyyacin da ya biya ta hukumar alhazai ta jiha, a can zai kai batunsa, domin kuɗin jirginsa na cikin kuɗin kujera da hukumar NAHCON ke tsarawa.

Inda ake kai ƙorafi

Idan kamfani ya saɓa wa sharuɗɗansa, fasinja zai iya kai kuka ga jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA da ke filayen jirgi, ko ga hukumar FCCPC mai kare masu saye, tare da kwafin tikiti da takardar likita da saƙonnin da aka yi musaya.