Wuƙa da Tsiron Hanci: Daga Zamanin Girkawa Zuwa Cutar Sistik Faibirosis

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masu magani tuwo a ƙwarya, watau ko ya kamata a yanke tsiron da kan fito a cikin hanci ko a ƙyale shi, musamman ga masu cutar gadon nan da ake kira sistik faibirosis. Shi tsiron nan nama ne mai laushi kamar 'ya'yan inabi, yakan toshe hanci, ya kashe jin ƙamshi, ya tilasta wa mutum numfashi ta baki. Abin da muke son nunawa shi ne, gwanintar yanka ta riga sanin musabbabin tsiron da shekaru fiye da dubu biyu.

Tun wajen ƙarni na biyar kafin Miladiyya, littattafan da ake dangantawa da Hifokiratis na ƙasar Girka sun bayyana wata dabara: a ɗaura zare a jikin soso, a bi da shi ta cikin hanci, a fizgo da ƙarfi har ya tsinko tsiron. Amma wanda ya fi jan hankalinmu shi ne Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013. A juzu'i na 30 na littafinsa At-Tasrif ya raba tsiron gida biyu. Mai laushi, a jawo shi da ƙugiya a yanke. In saura ya ɓuya can ciki, a zura zare mai ƙulle-ƙulle ta hanci ya fito ta baki, a yi ta ja kamar zarto. Mai tauri da duhun launi kuwa, wanda ya ɗauka daji ne, bai sa shi cikin waɗanda ake yi wa wannan yankan ba. A ganinmu wannan bambancin ya fi ƙugiyar daraja, domin a nan ne likita ya tsaya ya tambayi kansa ko yankan zai amfani majinyaci. Zargen waya da Falofiyo na Italiya ya kawo a ƙarni na 16 gyaran kayan aiki ne kawai.

Ita kuwa cutar sistik faibirosis ba a san ta da suna ba sai a 1938, sa'ad da Dorothy Andersen ta bayyana ta a birnin New York na Amurka. Cuta ce mai sa majinar jiki ta yi kauri da danƙo, ta toshe huhu da hanyoyin narkar da abinci. A wancan zamani yawancin yaran suna mutuwa tun suna jarirai, saboda haka wa zai kula da hanci? Sai da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka tsawaita musu kwana, sannan tsiron ya zama abin magana. A 1953 Paul di Sant'Agnese ya gano cewa gishiri ya yi yawa a gumin yaran, a 1962 kuma Harry Shwachman da abokan aikinsa na Boston suka rubuta bayani a kan yawan tsiron hanci a tsakaninsu. Har yanzu, tun da yake tsiron ba ya cika fitowa yara ba, in an gan shi a hancin yaro akan nemi a gwada guminsa.

To, a nan ne gizo ya yi saƙa. An yanke, bayan watanni ko 'yan shekaru tsiron ya dawo, domin majinar da ta cika kogunan ƙashin fuska tana nan daram. Kuma sau da yawa tiyata na bukatar a sa majinyaci barci, alhali huhunsa ba lafiyayye ba ne. Aikin Messerklinger na birnin Graz a Ostiriya, wanda ya buga littafinsa a 1978, da na David Kennedy a Amurka a 1985, ya kawo tiyata da siririn madubin leƙe, wadda ke buɗe kogunan a riƙa wanke su da ruwan gishiri. Ta rage wahala, ba ta hana dawowa ba. Shi ya sa likitoci suka karkata ga fara magani da wanki da feshi, a ajiye wuƙa sai hanci ya toshe sarai, ko ciwon kai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko tsiron ya fara faɗaɗa karan hancin yaro.

Tushen cutar ya bayyana a 1989, lokacin da Tsui da Riordan da Collins suka gano ƙwayar gadon da ake kira CFTR. Shekara talatin bayan haka, a 2019, Amurka ta amince da maganin Trikafta, wanda ke gyara aikin sinadarin da ya lalace, kuma an ga tsiron yana motsewa a hancin da yawa daga masu shansa. Sai dai kuɗinsa a Amurka ya haura dala 300,000 a shekara, kuma an gina shi ne a kan lahanin F508del da ya fi yawa ga Turawa. Lahanin da aka fi samu ga baƙaƙen fata na Afirka ta Kudu, watau 3120+1G>A, ba ya jin wannan magani, saboda haka iyayen irin waɗannan yara suna zaune gaban likitan tiyata da tsohuwar tambayar Az-Zahrawi.