Cargolux: Kamfanin Jiragen Dakon Kaya Da Ya Tashi Daga Ƙaramar Ƙasa

Luksamburg ƙasa ce 'yar mitsitsiya a tsakiyar Turai, tsakanin Faransa da Jamus da Beljiyam. Faɗinta murabba'in kilomita 2,586 ne kawai, ba ta da teku, mutanenta kuma ba su kai miliyan ɗaya ba. Duk da haka, daga filin jirgin samanta na ƙasa da ƙasa ɗaya tilo, wato Findel, wasu daga cikin manyan jiragen dakon kaya na duniya ke tashi dare da rana, ɗauke da tambarin Cargolux na akwatuna uku a wutsiyarsu.

An kafa Cargolux a watan Maris na 1970. Waɗanda suka haɗa jari su ne kamfanin jiragen sama na gida Luxair, da kamfanin jiragen ruwa na Salén daga Suwidin, da kamfanin jiragen sama na Loftleidir na ƙasar Aisilan, sai wasu 'yan kasuwar Luksamburg. Mutanen Aisilan sun koma jigilar fasinja da jiragen zamani, tsofaffin jiragensu masu farfela samfurin Canadair CL-44 suka rasa aikin yi. Da guda ɗaya daga cikinsu aka buɗe harka. Jirgin yana da wata baiwa: wutsiyarsa gaba ɗaya tana buɗewa gefe kamar ƙyaure, sai a tura dogayen kaya kai tsaye cikin cikinsa. Kafin shekarar ta ƙare, ya fara zirga-zirga zuwa Hong Kong.

A wancan zamani yawancin kamfanonin jiragen sama suna kallon kaya a matsayin ragowar ciniki, abin da ake cusawa ƙarƙashin kujerun fasinja idan wuri ya rage. Cargolux ya mai da kaya uwar sana'a, kuma wannan ne sirrin dorewarsa. Jiragen DC-8 sun shigo a 1973, sannan a 1979 kamfanin ya karɓi Boeing 747 na farko. Mutane da yawa sun ga abin kamar ganganci ga ƙaramin kamfani, domin ƙaton jirgi ba ya yafe wa mai shi idan ya tashi rabinsa fayau. Farkon shekarun 1980 sun zo da tsadar mai da hauhawar kuɗin ruwa, har aka rage ma'aikata, aka kuma shiga jigilar alhazai don a samu na rufin asiri.

Amma 747 ɗin ne ya fitar da su kunya. Hancinsa yana ɗagewa sama, bakin jirgin ya wangale, a shigar da abin da ba zai taɓa bi ta ƙofar gefe ba: bututun haƙar mai, jirgi mai saukar ungulu, na'urorin masana'anta. A 1993 Cargolux ya zama na farko a duniya da ya fara aiki da 747-400F. A 2005 shi da Nippon Cargo na Japan suka fara yin odar 747-8F, wanda ke ɗaukar fiye da tan 130 a tashi guda, aka miƙa masa na farko a watan Oktoba na 2011.

Rabin aikin kuma a ƙasa ake yinsa. Luksamburg ba ta samar da kayan da za su cika jirage talatin na kamfanin, don haka manyan motoci ne ke kwaso kaya daga masana'antun Jamus da Faransa da Holan da Italiya su sauke a Findel. A can ake ɗaure su bisa faifan ƙarfe, a lulluɓe da raga, a auna. Mai tsara lodi shi ke yanke inda kowane faifai zai zauna, domin idan nauyi ya karkata gaba ko baya, rayukan matuƙa ne a kan siraɗi. Magani da rigakafi suna da ɗakunan sanyi, dawakin sukuwa suna da nasu ɗakunan tafiya tare da masu kula da su.

Wani lodin da ya fi jan hankalin duniya shi ne na watan Yunin 2019, lokacin da jirgin kamfanin ya ɗauko wasu fararen dabbobin teku biyu da ake kira beluga, masu suna Little Grey da Little White, daga gidan nune-nune a Shanghai zuwa Aisilan, kowace cikin tankin ruwanta.

Tarihin bai rasa tabo ba. A 2009 kamfanin ya amsa laifin haɗa baki da wasu takwarorinsa wajen tsayar da farashin dako, Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 119, Tarayyar Turai ta biyo da tata a 2010. Wannan zalunci ne ga 'yan kasuwar da suka biya kuɗin, kuma tarar ta dace. Hannun jarin ma ya sha yawo: Lufthansa ta shiga a 1987 ta fita bayan shekara goma, Qatar Airways ta sayi kashi 35 cikin 100 a 2011 ta sayar a ƙarshen 2012. A 2014 wani kamfanin gwamnatin lardin Henan na ƙasar Sin ya karɓi wannan kason, birnin Zhengzhou ya zama gida na biyu.

Annobar korona, wadda ta durƙusar da jiragen fasinja, ta buɗe wa masu dako ƙofar arziki. Ribar Cargolux ta kai dala biliyan 1.3 a 2021, ta haura zuwa biliyan 1.6 a 2022.

Sai dai Boeing ya rufe ƙera 747, ya miƙa na ƙarshe ga kamfanin Atlas Air a watan Janairun 2023. Cargolux ya riga ya yi odar 777-8F guda 10 tun 2022 don maye gurbin tsofaffin jiragensa. Sabon jirgin injinsa biyu ne, ya fi tsimin mai, amma hancinsa ba ya buɗewa.