DUTSEN BAGAZAM: WA YA FARA HAWANSA?

Duk wanda ya tashi a kwarin Gulbin Rima, tun daga Augie da Argungu har zuwa Birnin Kebbi, ya saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya: fadama ga ta nan iya ganinka, sai 'yan tuddai masu shafaffen kai da jar tsakuwa a samansu. Tsayin ƙasar nan daga bakin teku mita 200 ne da 'yar ɗoriya. To, yau za mu ɗaga kai mu dubi arewa, mu yi zancen wani dutse da ya ninka wannan tsayi kusan sau goma, wanda kuma tarihinsa ya sarƙe da na Kabi fiye da yadda akasarinmu muke zato. Wannan dutse shi ne Bagazam na ƙasar Azbin, wadda wasu ke kira Abzin ko Ahir, a arewacin Jamhuriyar Nijar.

INA YAKE, YAYA YAKE?

Ƙasar Azbin tarin duwatsu ce a tsakiyar hamada, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 84,000, birnin Agadas kuma yana bakinta ta kudu. Bagazam yana arewa maso gabas da Agadas, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai. Kada mai karatu ya ɗauka dutse ne guda mai tsini irin wanda yara ke zanawa a makaranta. Wani makeken tudu ne mai kama da faifai, tsawonsa kimanin kilomita 40, faɗinsa kimanin 20, gefunansa a tsaye kamar ganuwa, samansa kuwa fili ne mai duwatsu da kwazazzabai da idanun ruwa. A can gefen arewa na wannan fili ne ƙololuwar take, wadda Buzaye ke kira Idukal-n-Tagas. Tsayinta mita 2,022, kuma babu inda ya kai ta tsawo a duk faɗin Nijar. Idan ana son kwatance, Dala ta Kano mita 534 ce daga bakin teku, Chappal Waddi na Jihar Taraba kuwa, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne.

Saboda wannan tsayi, yanayin saman Bagazam daban yake da na hamadar da ke kewaye da shi. Da hunturu ruwa kan daskare da dare. Akwai wani irin zaitun na daji da ke tsirowa a can, saura daga zamanin da Sahara take da dausayi. Ga kuma garake da ake noman albasa, tafarnuwa, dankalin turawa da tumatir, ana sauko da su a kan jakuna zuwa garuruwan gindin dutsen irin su Tabelot, daga nan motoci su kwasa zuwa Agadas. Mahaya na dā ma sun san sunan, domin a cikin dawakin Azbin babu wanda ake ji da shi kamar ɗan Bagazam.

ABIN DA DUTSEN KE FAƊA

Masana ilimin duwatsu sun ce Bagazam narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce, ya kutsa cikin wasu duwatsu da suka girme shi, ya sandare a siffar zobe. Da zamani ya yi nisa, iska da ruwa suka cinye abin da ke kewaye da shi, shi kuwa da yake ya fi tauri sai ya rage a tsaye. Irin waɗannan zobba suna da yawa a Azbin, har akwai wani da faɗinsa ya kai kilomita 65.

Abin sha'awa shi ne zobban ba a Azbin suka tsaya ba. Sun jeru ne kamar carbi daga arewa zuwa kudu: na Azbin su ne manya a shekaru, sai na yankin Damagaram da Muniyo masu kimanin shekara miliyan 300, sai na Jos da kewayenta masu shekara tsakanin miliyan 200 da 140. Ke nan duwatsun Jos ƙanne ne ga Bagazam. Shi ya sa kuzar da ta tara Hausawa a Jos da Bukur aka same ta a Azbin ma, aka haƙe ta a wani wuri da ake kira Elmeki.

Kwarin Rima fa? Shi labarinsa na laka ne da yashi. Ƙasar Sakkwato da Kabi gefen kudu maso gabas ce ta wani babban kwari da masana suka raɗa wa sunan ƙabilar Buzaye ta Iwillimmeden, kuma duwatsun Azbin su ne bangonsa ta arewa maso gabas. A wani zamani teku ya taɓa kwanciya a cikin wannan kwari, ya bar farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina. A cikin yashin da ya sandare a bakin wannan kwari, yamma da Azbin, aka samu yuraniyom ɗin da aka fara haƙa a Arlit a 1971. Wato mutumin Augie da mutumin Bagazam a kwano ɗaya suke zaune, ɗaya a ciki, ɗaya a baki.

KANTA DA AZBIN

Tun kafin a san wani abu wai shi kan iyaka, mutane na kai da komo tsakanin wannan ciki da wannan baki. Gobirawa, bisa ruwayarsu, a Azbin suka zauna kafin Buzaye su matsa musu su gangaro kudu. Littafin Tarihus Sudan na Abdurrahman As-Sa'adi, malamin Tambutu, ya kawo labarin yaƙin da Askiya Muhammadu na Songhai ya kai wa Agadas wajen 1515. A cikin rundunarsa akwai Kanta. Da aka dawo, rabon ganima ya haɗa su rigima, Kanta ya yi tawaye, ya karya rundunar da aka aiko masa, ya kafa daular Kabi mai cin gashin kanta, ya gina Surame. Ke nan ganimar Azbin ce sanadin 'yancin Kabi.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci rundunar Kabi da yaƙi, ya ƙwace ƙasar Adar daga hannunta. Bayan ƙarni guda kuma wannan hanya ta zama ta almajirai, domin Agadas ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya je ya yi karatu a wajen Malam Jibrilu ɗan Umar. Ban da mayaƙa da malamai, ga ayarin gishiri: kowace kaka Buzayen Kel Ewe kan taso daga gindin waɗannan duwatsu, su keta Tenere zuwa Fachi da Bilma, su ɗauko kantu da dabino, su gangara Damargu da Kano su musanya da gero da tufafi.

ZUWAN TURAWA

A ƙasar Turai akwai al'adar rubuta sunan wanda ya fara taka ƙololuwar kowane dutse. An san cewa a 1786 aka fara hawa Mon Bulan, mafi tsawo a duwatsun Alps, an kuma san sunayen mutum biyun da suka hau. Da wannan tunani Turawa suka shigo Sahara.

Na farkon da ya bar mana cikakken bayani shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. A watan Yuli na 1850, kafin ma ya iso Azbin, ya ce sai ya hau dutsen Idinan da ke kusa da Gat, wanda mutanen wurin suka ce masa gidan aljannu ne. Ya ƙi jin magana, ya tafi shi kaɗai. Ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, ƙishi ya kai shi ga tsotsar jininsa, sai washegari wani Buzu ya bi sawunsa ya tsince shi rai a hannun Allah. Da ya iso Azbin ya zauna a Tintellust ƙarƙashin kariyar shugaban Kel Ewe mai suna Annur, ya ziyarci Agadas a watan Oktoba, sannan ya bi ayarin gishiri zuwa kudu. Ya ga Bagazam, ya bayyana shi a littafinsa, amma bai hau ba. Wannan Abdulkarim ɗin ne ya iso Gwandu a 1853, kuma a can ne ya samu kwafin Tarihus Sudan ya kwafi sassansa, sannan ya wuce ta Birnin Kebbi ya nufi Tambutu.

A 1877 wani Bajamushe, Erwin von Bary, ya shiga Azbin, amma ya rasu a Gat a wannan shekara. A 1899 rundunar Faransa ta Furo da Lami ta ratsa ƙasar da bindigogi. Sai Disamba 1916, lokacin da Kawusan ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a Agadas tare da goyon bayan Sarki Tagama. A watan Maris 1917 aka karya ƙawanyar, abin da ya biyo baya kuwa ba kyan ji: an kashe malamai, an ƙwace raƙuma, an tashi ƙauyuka, jama'a da dama suka gudu kudu har ƙasar Kano da Katsina.

Shekara uku bayan haka, a 1920, wani mutumin Sikotilan mai suna Angus Buchanan ya taso daga Kano yana tara tsuntsaye da namun daji wa gidan tarihin Lord Rothschild na Ingila. Ya ratsa kufai bayan kufai a Azbin, sannan ya hau Bagazam. Me ya tarar a sama? Ƙauyuka, da garake, da awaki, da mutanen da ke da shugabansu. Su suka nuna masa hanya, ta mashigin da kakanninsu suka daɗe suna bi da dabbobi. Da ɗan gari kan ci gari. A 1922 ya sake komawa Azbin tare da Francis Rodd, wanda ya wallafa littafinsa a kan Buzayen ƙasar a 1926.

TO, WA YA FARA?

A nan ne ma'aunin Turai ya kasa. Duwatsun Alps ƙanƙara ce a samansu, ba mai zama a can, don haka ana iya cewa wane ne na farko. Bagazam kuwa gida ne. Duk sa'ad da yaƙi ya taso a ƙasa, sama ake gudu, domin mashigansa kaɗan ne kuma ƙunci gare su, mutum goma na iya tare ɗari. Wanda ya fara hawansa wataƙila makiyayi ne da akuyarsa ta ɓace, ko wata uwa da ta goyo ɗanta tana gudun mahara. Ba a rubuta sunansu ba, amma sawunsu ne ya zama hanyar da baƙo ya bi ya yi suna.

Hatta masu awo ma dutsen ya ba su kunya. Shekara da shekaru littattafai da taswirori na cewa dutsen Girebun da ke can arewacin Azbin shi ya fi tsawo a Nijar, ana maimaita haka har zuwa wajen 2001. Ashe Girebun mita 1,944 ne, Bagazam ya ɗara shi da mita 78.

Tarihin baya-bayan nan ma bai bar Azbin ta huta ba. A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun Azbin da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya, amma a 1992 ta mai da shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen Buzaye na 1990 zuwa 1995. A ranar 15 ga Disamba 1995 Mano Dayak, ɗaya daga jagororin tawayen, ya rasu a haɗarin jirgin sama a cikin waɗannan duwatsu, filin jirgin Agadas kuma sunansa yake ɗauke da shi. Tawaye na biyu, daga 2007 zuwa 2009, ya kori masu yawon buɗe ido da 'yan rakiya ke ci da su.

Abin da ya kamata mu yi wa kanmu faɗa a kai shi ne wannan: ɗalibi a Argungu zai iya gaya maka tsawon Kilimanjaro, amma bai taɓa jin Bagazam ba, alhali kuwa kullum yana wucewa ta gaban gidan tarihin da ke ɗauke da sunan Kanta. Layin da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya raba taswira, mu kuma muka bari ya raba mana tarihi. Marubutanmu na ƙagaggun labarai sukan kai jarumansu Dubai da Landan, ga kuwa ƙasa a arewa da mu mai ƙauyuka a saman dutse, da ayari, da kufai, da Hausar da ake ji a kasuwar Agadas, tana jiran mai alƙalami. Wanda duk ya ɗauki wannan aiki, to ya fara da tambayar mutanen dutsen, domin su ne suka riga kowa hawa.

Allah Ya ƙara mana sani mai amfani, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.