Hawan Dutsen Kagoro da ziyarar Matsirga: shirin da ya kamata a yi kafin a tashi

A ƙasashen Turai, daga watan Yuni zuwa Satumba ne lokacin hawan duwatsu, don a sannan ƙanƙara ta narke, hanya ta buɗe. Mu a Kudancin Kaduna waɗannan watannin su ne tsakiyar damina, kuma a cikinsu ne dogon hutun makaranta yake faɗowa, lokacin da 'yan uwa mazauna Legas, Ibadan, Fatakwal da Anaca suke kawo yara gida. Duk mai niyyar hawan Dutsen Kagoro, wannan ne abu na farko da zai sa a lissafi.

Dutsen yana ƙaramar hukumar Kaura, tafiyar 'yan mintuna a mota daga Kafanchan, kuma tsayinsa ya haura mita 1,200 daga doron teku. A gindinsa garin Kagoro yake, na mutanen da suke kiran kansu Agworok, kuma har yau akwai masu zama da noma a samansa. Ruwan Matsirga kuwa yana nan kusa da Madakiya, yana zubowa daga tsayin kusan mita 30. Wanda ya taso daga gabas zai biyo Makurɗi, Lafiya, Akwanga, ya shigo ta Gidan Waya. Na Abuja yana iya biyowa ta Kwoi.

A kudancin jihar nan ruwa yana sauka tun Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma Agusta ce ta fi tsanani. Matsirga a lokacin take cika ta yi kyau, amma dutse ya yi santsi, ciyawa ta rufe hanya, hazo kan sauko har ka kasa ganin na gabanka. Tsawa ma ba abin wasa ba ce ga wanda yake tsaye a kan fili a saman dutse. Lokacin da ya fi dacewa da hawa shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. In ka daidaita da 1 ga Janairu, ka samu bikin Afan da mutanen Kagoro suke yi kowace shekara, sai dai masauki yana wuya a ranakun. In kuwa dole sai da damina, to a tashi da an idar da sallar asuba, a sauko kafin azahar, domin hadari ya fi haɗuwa da yamma. In an kwana ana ruwa, a fasa kawai.

Sai maganar ɗan jagora, wadda a ganina ta fi takalmi da guzuri muhimmanci. Ba don gudun ɓata kaɗai ba. Yankin nan ya ga rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, da hare-haren da suka biyo baya, kuma mutane ba su manta ba. Baƙin samari biyar ko shida su bayyana a bayan gari suna ɗaukar hoton gonaki da hanyoyi, ba wanda ya san su, ana iya yi musu mummunar fahimta kafin su buɗe baki. Shi ya sa ɗan jagora ya zama ɗan garin ne, mai jin yaren, wanda za a gani a ce ai ɗan wane ne. Ta hannun wanda ka yarda da shi a Kafanchan za ka neme shi, ba yaron da ya tare ka a tasha ba. Shi zai kai ku gaban mai unguwa ku gaisa, a sanar da 'yan banga yawanku da lokacin da za ku sauko. A kuma tambayi halin da gari yake ciki a satin tafiyar, ba labarin watan jiya ba.

Ladansa a yanke shi tun a ƙasa, kamar yadda ake gama maganar la'ada da dillali kafin a kama igiyar saniya: nawa ne, ina za a tsaya, waye zai biya kuɗin acaɓa. A ba da rabi, sauran sai an sauko. Ayari in ya wuce mutum goma, ko akwai yara, gara a ɗauki jagora biyu, ɗaya gaba ɗaya baya.

Kaya ba su da yawa: takalmin kambas mai kama ƙasa, ba silifa ba, dogon wando saboda ƙaya da maciji, rigar ruwa, tocila, waya da caji cike, da ruwan sha aƙalla lita 2 ga kowane mutum. Guzuri a taho da shi daga gida, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, don a can sama ba shago, kuma ba kowane nama ne za ka san wanda ya yanka ba. Mai hawan jini ko asma ya ga likita tukuna. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tam. A hana shi tafiya da ƙafa, a goyo shi zuwa asibiti a Kafanchan.

A saman, gonar mutane gona ce, ba a ratsa ta, ba a tsinke komai. Wurin da jagora ya ce ba a shiga, a bar shi, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa. A Matsirga ma haka: da damina a tsaya daga nesa a yi kallo, kada yara su sauka kan duwatsun da feshin ruwa yake jiƙawa.