Tuba

Tuba babban ƙahon tagulla ne da ake busawa, wanda ya fi duk 'yan uwansa kaurin murya. Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz ne suka yi rajistar ƙirƙirarsa a Berlin ranar 12 ga Satumba, 1835. A Najeriya an fi ganinsa a hannun 'yan badujalar soja da na 'yan sanda.

Ba kamar kakakin fadar Kano ba, wanda bututu ne zalla, tuba yana da bawul uku zuwa shida masu sauya tsawon hanyar iska. Bawul ɗin iri biyu ne. Mai fistin, wanda François Périnet ya yi wa rajista a Faransa a 1839, sama da ƙasa yake motsi, yana saurin amsa yatsa, amma yana son mai a kai a kai. Mai juyawa kuwa murɗawa yake a cikin gidansa, dannawarsa gajeriya ce, kwance shi sai mai gyara. Mabusa da yawa na cewa amon iri biyun ya bambanta, kodayake girman bututu ma yana sauya amon. Ingila ta fi amfani da mai fistin, Jamus da mai juyawa.